Daga Shanghai Zuwa Bakin Ƙonni: Abubuwan Mamaki Game da Jam'iyyar Kwaminis ta Sin

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Araba ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela ke ci, ya zuba wa masu kai da komo tsakaninmu da Ƙonni ido, zai ga kaso mai yawa na abin da ke hannun mutane daga ƙasa ɗaya ya fito. Babur ɗin Haojue da ɗan kabu-kabu ya ɗaura wa buhun albasa, wayar Itel mai tocila a aljihun dillalin shanu, farantin sola a kan rumfar mai cajin waya, har da kwanon sha da silifas. Mukan ce "ɗan Caina ne" mu wuce. Alhali ƙasar da ke ƙera waɗannan kaya, jam'iyya ɗaya tak ce ke riƙe da ita tun 1949, kuma yawancinmu abin da muka sani game da wannan jam'iyya bai wuce jar tuta da hoton Mao ba. Ya kamata mu san ta fiye da haka, domin abin da mutum bakwai suka yanke a wani ɗaki a Beijin yana iya sauya farashin babur a Illela.

A cikin jirgin ruwa aka kammala kafa ta

Ranar 23 ga Yuli, 1921, wakilai 13 suka haɗu a ɓoye a wani gida a unguwar da Faransawa ke iko da ita a Shanghai. Duk 'yan jam'iyyar da suke wakilta a faɗin ƙasar ba su kai 60 ba. Ana cikin taro wani baƙo ya leƙo, suka sha jinin jikinsu, suka watse kafin 'yan sanda su iso. Sai suka tafi garin Jiaxing, suka yi hayar jirgin yawon shaƙatawa a kan wani tafki, suka ƙarasa taron a tsakiyar ruwa.

Mutum biyun da ake wa kallon iyayen jam'iyyar, Chen Duxiu da Li Dazhao, babu ko ɗaya a wurin. An rataye Li a 1927. Shi kuwa Chen, shugabanta na farko, jam'iyyar da kanta ta kore shi a 1929. Cikin wakilai 13 ɗin nan, biyu kacal suka tsaya a dandalin Tiananmen ranar 1 ga Oktoba, 1949 da aka ayyana sabuwar ƙasa, wato Mao Zedong da Dong Biwu. Wasu an kashe su a hanya, wasu sun fice. Biyu daga ciki, Chen Gongbo da Zhou Fohai, sun koma yi wa Japan aiki lokacin da ta mamaye ƙasar. An harbe na farkon a 1946, na biyun ya mutu a kurkuku. Zhang Guotao, wanda ya shugabanci taron, ya sauya sheƙa a 1938, ya rasu a Kanada a 1979.

Ranar da ake bikin kafa jam'iyyar ma ba ita ce ranar ba. Ana yi ne ranar 1 ga Yuli, saboda lokacin da aka zo tsayar da ranar biki a ƙarshen shekarun 1930, ana tsakiyar yaƙi, babu takardu a hannu, waɗanda suka halarta kuma wata kawai suka iya tunawa. Daga baya masana tarihi suka gano ainihin ranar, amma aka bar bikin inda yake.

Doguwar Tafiya ta 1934 zuwa 1935 kuwa, mutum kimanin 86,000 suka taso daga kudu suna gudun sojojin gwamnatin Chiang Kai-shek. Waɗanda suka isa arewa bayan shekara guda ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. A cikin wannan tafiya Mao ya samu gindin zama.

Shiga ba wasa ba ce

A ƙarshen 2024 'yan jam'iyyar sun haura miliyan 100. Sun ninka yawan mutanen Nijar kusan sau huɗu. Duk da haka, cikin Sinawa 14 mutum ɗaya ne ke da katinta.

Nan ne abin ya fi ba ni mamaki, domin mu a nan mun saba da katin jam'iyya da ake rabawa a ƙofar gidan shugaban mazaɓa, mutum ya karɓi na wannan da safe, ya karɓi na waccan da yamma. A can sai ka cika shekara 18, ka rubuta takardar neman shiga da hannunka. Daga nan a sa maka ido na tsawon shekara ko fiye, kana zuwa darasi, kana rubuta rahoton abin da ke ranka. Sai cikakkun 'yan jam'iyya biyu sun tsaya maka. A binciki iyayenka da danginka na kusa. Idan reshe ya kaɗa ƙuri'a ya amince, sai ka ɗaga dunƙulallen hannu gaban tuta ka yi rantsuwa, sannan ka sake yin shekara guda ta gwaji kafin a ce ka zama cikakke. Masu jira a layi sun haura miliyan 20. Waɗanda aka karɓa a 2023 kimanin miliyan 2.4 ne.

Xi Jinping, wanda ke shugabantar ta tun Nuwamba 2012, sau goma ya rubuta takardar neman shiga kafin a karɓe shi a 1974. Mahaifinsa, Xi Zhongxun, tsohon mataimakin firaminista ne da aka tsige a 1962, kuma laifin uba ya bi ɗa. Yana ɗan shekara 15 aka tura shi ƙauyen Liangjiahe, ya yi shekara bakwai yana kwana a ɗakin da aka fafe a jikin tudu, yana ɗaukar taki.

Jam'iyya ba ta biyan ka don ka shiga, kai ke biyan ta. Mai albashi yana ba da tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 2 cikin 100 na abin da yake samu duk wata. Wanda ya yi wata shida a jere bai biya ba, ko bai halarci taron reshe ba, ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ana ɗauka ya fita da kansa.

Jam'iyyar BJP ta Indiya tana iƙirarin ta fi ta yawan mutane. Sai dai ita a shekarun 2014 da 2015 filashin kawai ake yi wa wata lamba a zama ɗan jam'iyya.

Ita kuwa jam'iyyar Sin, an kafa ta ne da sunan leburori da manoma, tambarinta ma guduma da lauje ne. Yau fiye da rabin 'ya'yanta masu takardar gaba da sakandare ne. A 2001 Jiang Zemin ya buɗe wa 'yan kasuwa masu kamfanoni ƙofa, abin da a zamanin Mao zai iya kai mutum lahira. A Nuwamba 2018 jaridar jam'iyyar ta bayyana cewa Jack Ma, mai kamfanin Alibaba kuma ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, ɗan jam'iyya ne.

Akwai sharaɗi ɗaya da mai karatu Musulmi ya kamata ya sani: ba a yarda ɗan jam'iyya ya bi wani addini ba. Tsarin mulkin ƙasar ya ambaci 'yancin addini, kuma akwai miliyoyin Musulmi 'yan ƙabilar Hui da Uighur da sauransu, amma mai riƙe da katin jam'iyya ana sa ran ya ajiye salla da azumi. Tunda kuma kusan duk babban muƙami na 'yan jam'iyya ne, mai riƙo da addininsa akwai matakin da ba zai wuce ba. A Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa tsarewar da aka yi wa Musulmin Xinjiang na iya zama laifin cin zarafin bil'adama. Gwamnatin Beijin ta musanta, ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne da yaƙi da ta'addanci. Ni dai ban ga dalilin da araha da kyawun kaya za su sa mu kawar da kai daga wannan ba.

Daga miliyan 100 zuwa mutum bakwai

Duk inda 'yan jam'iyya uku suka haɗu, a masana'anta ne, ko makaranta, ko asibiti, ko ƙauye, ko kamfani mai zaman kansa, ƙa'ida ta ce su kafa reshe. Irin waɗannan rassa sun haura miliyan 5. Daga nan abin ke tafiya yana tsukewa kamar bakin tulu. Duk shekara biyar ake babban taro na wakilai kimanin 2,300. Su ke fitar da Kwamitin Tsakiya, wanda a taron Oktoba 2022 ya samu cikakkun mambobi 205 da 'yan jiran gado 171. Daga ciki ake fitar da Ofishin Siyasa mai mutum 24, daga cikinsu kuma Zaunannen Kwamiti mai mutum 7. A takarda na ƙasa ke zaɓen na sama. A zahiri na sama ke tantance sunayen da na ƙasa za su zaɓa.

Mata sun kai kimanin kashi uku cikin goma na 'yan jam'iyyar, amma tunda aka kafa ta mace ba ta taɓa shiga cikin Zaunannen Kwamiti ba. A 2022 ko cikin mutum 24 ɗin ba a sa mace ba, karo na farko cikin shekara 25.

A kowace jiha akwai gwamna, akwai sakataren jam'iyya, kuma sakataren ne babba. Haka a jami'a, haka a gunduma. Manyan kamfanonin gwamnati ma haka: shugaban CNPC, kamfanin da ya gina matatar Soraz kusa da Damagaram wadda ta fara aiki a 2011, ya kuma shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, jam'iyya ce ke naɗa shi, kuma shi ne sakataren jam'iyya na kamfanin. Wato duk gwamnatin da ta zauna ciniki da irin waɗannan kamfanoni, da jam'iyyar take ciniki, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Sojojin Sin ba na gwamnati ba ne, na jam'iyya ne. Rundunar ta girmi ƙasar da shekara 22, tunda a 1927 aka kafa ta, kuma wani kwamitin jam'iyya ne ke ba ta umarni. Shi ya sa Deng Xiaoping, wanda ya juya ƙasar tun daga 1978, bai taɓa zama shugaban ƙasa ko firaminista ba. Kujerar kwamitin soja ya riƙe. Bayan ya sauka daga wannan ma, muƙamin da aka fi saninsa da shi shi ne shugaban girmamawa na ƙungiyar masu wasan karta, amma rangadin da ya yi a kudu a 1992 ya isa ya sake karkata akalar tattalin arzikin ƙasar baki ɗaya. Shi kansa sau uku jam'iyyar ta tsige shi. Ya yi aikin gyaran tarakta a Jiangxi, ɗansa kuma ya faɗo daga bene a 1968 yana hannun matasan Mao da ake kira Jajayen Dakaru, ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa.

Akwai wasu jam'iyyu takwas da doka ta yarda da su. Dukansu sun amince tun farko cewa ba za su nemi mulki ba.

A wurin rufe taron 2022, gaban kyamarorin duniya, wasu jami'ai biyu suka ɗaga tsohon shugaba Hu Jintao daga kujerarsa da ke kusa da ta Xi, suka fita da shi. Kamfanin dillancin labarai na gwamnati ya ce ba shi da lafiya ne.

Gwara da mangwaro

A 1958 jam'iyya ta shelanta yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da tsuntsun gwara, wai yana cinye hatsi. Mutanen gari suka fito da tukwane da ganguna suna bugawa ba ƙaƙƙautawa, tsuntsu ya rasa wurin sauka har ya faɗo matacce. Manominmu da jan-baki ya taɓa sauka a gonar dawarsa zai fahimci haushin. Amma gwara ba hatsi kaɗai take ci ba, har da ƙwari. Da ta ƙare, fara da tsutsa suka samu sarari. A 1960 aka cire ta daga jerin aka sa kuɗin-cizo.

Wannan ƙaramin ɓangare ne na masifar. A waɗannan shekaru aka tattara manoma cikin gandayen haɗaka, aka sa su narka tukwanensu da garemaninsu wai za a yi ƙarfe a bayan gida. Jami'an gunduma suna tsoron a ce sun gaza, sai suka riƙa aika rahoton amfanin gona na ƙarya, gwamnati kuma ta karɓi rabonta bisa lissafin ƙaryar. Yunwar da ta biyo baya ta kashe mutane da ƙiyasin masana ya kama daga miliyan 15 zuwa miliyan 45. Ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa a 1959 yana nuna ɓarnar. Aka tsige shi. Horon da ke sa mutum miliyoyi su motsa lokaci ɗaya, shi ne ya sa aka rasa mai cewa a tsaya.

A Agusta 1968 ministan harkokin wajen Pakistan ya kai wa Mao tsarabar mangwaro. Mao ya aika wa ma'aikatan da ya tura su kwantar da rikicin ɗalibai a Jami'ar Tsinghua. Yawancinsu ba su taɓa ganin mangwaro ba, ga shi kuma daga hannun shugaba ya fito. Ba su sha ba. Aka jiƙa wasu a magani don kada su ruɓe, aka ƙera na kakin zuma aka sa a akwatin gilashi, aka yi ta zagaya gari da su da kiɗa. A wata masana'anta da nasu ya fara lalacewa, sai suka dafa shi a babbar tukunya kowa ya sha cokali guda. Masana tarihi sun ruwaito labarin wani likitan haƙori a lardin Sichuan da ya ce shi bai ga bambancinsa da dankali ba, aka yanke masa hukuncin kisa.

Shekara goma bayan haka, manoma 18 a ƙauyen Xiaogang suka dangwala yatsa a wata takarda a asirce, suka raba gandun haɗaka gida-gida. Sun rubuta cewa idan aka ɗaure wani ko aka kashe shi, sauran za su riƙe masa 'ya'ya har su kai shekara 18. Amfanin da suka samu ya ninka na baya nesa ba kusa ba. Maimakon hukunci, jam'iyya ta mayar da dabararsu tsarin ƙasa. A 1980 aka keɓe Shenzhen don gwajin kasuwanci da baƙi. Can ne hedikwatar Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci a ƙasar cikin shekara 40. Wannan ma gaskiya ce, kuma jam'iyyar da ta jawo waccan yunwa ita ce ta jagoranci wannan.

Abin da ya iso ƙofarmu

Ƙasashe biyar suka rage a hannun irin wannan jam'iyya: Sin, Biyetnam, Lawos, Kyuba da Koriya ta Arewa. Ta Biyetnam a Hong Kong aka kafa ta a 1930. Ta Kyuba sai da ta yi shekara goma, daga 1965 zuwa 1975, kafin ta kira babban taronta na farko. Ta Tarayyar Sobiyet tana da mambobi kusan miliyan 19 gab da rushewarta a 1991, kuma har yau ana koyar da wannan faɗuwa a makarantun jam'iyyar Sin a matsayin gargaɗi.

Gidan rediyon Beijin ya fara magana da Hausa tun 1963, shekara takwas kafin Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a Fabrairu 1971.

Amma abin da ya fi kusa da Araba ya faru ne a 1964. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta nemi a ce wa Faransa a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, an haramta ta a Nijar a 1959. Ba jam'iyyar kwaminis ba ce kai tsaye, amma ƙasashen gurguzu ne suka buɗe mata ƙofa, gwamnatin Nijar ta Diori Hamani kuwa Taiwan ta amince da ita, ba Beijin ba. Samarin Sawaba, da yawansu Hausawa, suka tafi koyon aikin soja a Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa da Gana. A kakar 1964 suka kutso Nijar ƙungiya-ƙungiya ta kan iyakoki, ciki har da ta Najeriya. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin a kusa da Ƙonni aka rutsa da ita, tafiyar 'yan mintoci a kan babur daga inda muke, aka kashe jagoranta Ɗanduna Abubakar. An harbe wasu huɗu a bainar jama'a a Yamai a watan Oktoba. A Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa wa Diori gurneti a filin Idin babbar salla. Shugaban ya tsira, wani ƙaramin yaro ya rasu. Mutanen da aka ɗauka za su tashi su mara musu baya ba su tashi ba, kuma magoya bayan Sawaba da dama sun ƙare a kurkuku ko gudun hijira, wasu a garuruwan Najeriya.

A Najeriya kwaminis bai taɓa kusantar mulki ba. Mafi kusa shi ne Balarabe Musa na PRP, mai bayyana ra'ayin gurguzu a fili, wanda ya ci gwamnan Kaduna a 1979, majalisar jihar ta tsige shi a Yuni 1981.

Maƙwabciyar da ta ɗanɗana abin sosai ita ce Benin. Mathieu Kérékou ya yi juyin mulki a Oktoba 1972. Ranar 30 ga Nuwamba, 1974 ya shelanta cewa ƙasar ta rungumi aƙidar Markis da Lenin, bayan shekara guda cif ya sauya mata suna daga Dahomey, ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, PRPB, da kwamitin tsakiyarta da ofishin siyasarta, aka mayar da bankuna da manyan kamfanoni hannun gwamnati. Wani abin mamakin shi ne a ƙasar akwai wata jam'iyyar kwaminis ta daban da aka kafa a 1977, tana aiki a ɓoye, kuma 'ya'yanta na cikin waɗanda gwamnatin gurguzun ta fi ɗaurewa. Da bankuna suka durƙushe, albashi ya gagara, malamai da ɗalibai suka cika titi, Kérékou ya ajiye aƙidar a Disamba 1989. Babban taron ƙasa na Fabrairu 1990 ya ƙwace yawancin ikonsa, irin taron da Nijar ta yi nata a 1991. Ya faɗi zaɓe a hannun Nicéphore Soglo a 1991, ya miƙa mulki. A 1996 mutumin da ake wa laƙabi da Hawainiya ya dawo ta akwatin zaɓe, yana wa'azin Kiristanci, ya sake yin shekara goma a kan kujera.